Tsakanin which da that: malamin makaranta ne ya yi daidai ko na lesin?

Ɗan_Rigasa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina roƙon masu ilimin nahawun Turanci a cikinku su raba mana wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidanmu. Ƙanena yana aji shida na sakandare, yana shirin zama jarrabawar WAEC, sai ya rubuta wannan jumla a aikin gida: "The book which I bought at the market is torn." Malamin da ke yi musu lesin da yamma ya ja wa which layi da jan biro, ya ce that ce ta dace da wurin, domin which ba ta zuwa sai da waƙafi a gabanta. Da yaron ya kai wa malaminsu na makaranta, shi kuma ya ce jumlar lafiyarta ƙalau, har ya ƙara da cewa in ya ga dama ya cire kalmar ɗungurungum ya rubuta "The book I bought at the market is torn," babu mai rage masa maki. Yanzu yaron ya rasa na bi, ni kuma da aka kawo wa ƙara ban fi shi sani ba. Wane ne ya yi daidai a cikin malaman biyu? Sannan yaushe ake iya cire irin waɗannan kalmomi ba tare da magana ta ɓaci ba?

MalamarTuranci_Kawo:
Wa alaikumus salam, Malam. Malamin makarantar ne ya yi daidai, amma kafin a kai ga which da that ya kamata yaron ya fara gane aikin da wannan ɓangare na jumlar yake yi. Idan ka ce wa mutum "The book is torn" kawai, zai tambaye ka wane littafi, domin littattafai suna da yawa. Ɓangaren "which I bought at the market" shi ne amsar wannan tambaya, shi ya ware littafi guda daga sauran, kuma saboda haka ake kiransa ganga mai fayyacewa. Irin wannan ganga ba a raba ta da sunan da take fayyacewa da waƙafi. A cikinta ana sa who ko that idan mutum ake nufi, ana sa which ko that idan dabba ce ko wani abu.

Batun cirewa kuwa akwai hanya mai sauƙi da nake ba ɗalibaina. Su dubi kalmar da ta biyo bayan who, which ko that. Idan wani sabon aikau ne ya biyo, wato mai yin aikin, kamar I ko we ko the teacher, to kalmar karɓau ce a cikin gangar, wato wanda aikin ya faɗa a kansa, ana iya cire ta: "The driver who we hired" da "The driver we hired" duk ɗaya ne. Idan kuwa aikatau ne ya biyo kai tsaye, kalmar ita ce aikau, cire ta zai rushe jumlar. "The driver who brought us from Zaria is my neighbour" ba ta yiwuwa babu who, domin mai karatu zai ɗauka jumlar ta ƙare a Zaria, sai ya yi tuntuɓe da is.

TsohonEdita:
Na yarda da Malama, sai dai ba zan so a ɗauka malamin lesin daga kansa ya ƙago wannan doka ba, tana da asali. Wani masanin Turanci ɗan Ingila, H. W. Fowler, ya ba da shawara a littafinsa na 1926 cewa da marubuta za su keɓe that ga ganga mai fayyacewa, su bar which ga wadda ke ƙarin bayani kawai, da rubutu ya fi fitowa fili. Shi da kansa ya amsa cewa ba haka yawancin marubuta suke yi ba, har da gwanayensu. Abin mamaki shi ne 'yan ƙasarsa ba su ɗauki shawarar da zafi ba, editocin Amurka ne suka rungume ta suka mayar da ita tamkar farilla a jaridu da kamfanonin ɗab'i. Duk da haka, ranar 8 ga Disamba 1941, shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya tsaya gaban majalisar dokokin ƙasarsa bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, ya kira ranar harin "a date which will live in infamy," babu waƙafi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce shugaban ya yi kuskuren nahawu ba.

Mu a Nijeriya Turancin Ingila muka gada, a kansa aka gina manhajar makarantunmu, kuma a wannan Turanci which da that duk suna shiga ganga mai fayyacewa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne akasin haka, wato that ba ta zuwa bayan waƙafi. Ana cewa "River Kaduna, which divides the city, rises on the Jos Plateau," amma ba a sa that a wurin ko a Ingila ko a Amurka. Lokacin da nake duba rubutun 'yan rahoto, wannan nake gyarawa, wancan kuwa nakan bar wa kowa zaɓinsa.

Baban_Khalifa:
Baba TsohonEdita, Allah ya ƙara girma, ka warware mini wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Duk lokacin da na buga takardar ofis a kwamfuta na rubuta which babu waƙafi, sai in ga an ja mata layi ana ba ni shawarar that. Ashe salon Amurka ne manhajar take bi.

Ɗalibin_Nahawu:
Ina so in ƙara wani abu da nake ganin malamai ba su cika amfani da shi ba, alhali yana cikin bakin yaran tun kafin su shiga firamare. Bahaushe yana bambanta gangunan nan biyu ba tare da an koya masa ba. Idan na ce "Yayata da ke Zariya ta haihu," mai sauraro ya san ina da yayye mata fiye da ɗaya, na ware ta Zariya ne daga cikinsu. Idan kuwa na ce "Yayata, wadda ke Zariya, ta haihu," na ɗan tsaya da murya kafin wadda, to yaya ɗaya ce ake magana a kanta, zamanta a Zariya ƙarin bayani ne. Wannan shi ne ainihin bambancin "My sister who lives in Zaria" da "My sister, who lives in Zaria." Har ma Hausa ta fi Turanci nuna alama, domin ita lokacin aikatau take sauyawa. Muna cewa "yara sun zo," amma "yaran da suka zo," muna cewa "ana sayarwa," amma "kayan da ake sayarwa." Babu yaron Tudun Wada da zai ce "yaran da sun zo," ko da bai taɓa riƙe littafin nahawu ba.

Inda harsunan suka rabu shi ne ma'aunin zaɓen kalma. Mu jinsi da adadi muke dubawa, wanda ga namiji, wadda ga tamata, waɗanda ga jam'i, ba ruwanmu ko mutum ne ko tukunya. Bature ba ya duba jinsi ko adadi a nan, who ɗaya ce ga mace da namiji da taron jama'a, abin da yake tambaya shi ne mutum ne ko ba mutum ba. Shi ya sa za ka ga yaro ya rubuta "the woman which sells masa," domin a kansa babu dalilin da zai hana kalmar da ta yi wa mota aiki ta yi wa mace.

Ummu_Safiyya:
Ni a ganina an tsaya a kan ƙaramar matsala an bar babba. Na daɗe ina duba rubutun yara a wata makarantar 'yan mata, kuma ban taɓa rage wa yarinya maki saboda ta zaɓi which maimakon that ba. Abin da ke cinye musu maki shi ne maimaita wakilin suna a ƙarshen gangar: "The man that I saw him yesterday," "The pen which I wrote with it," "The house where we live in it." A kusan kowane shafi sai ka tsinci ɗaya. Malam Ɗan_Rigasa, ka ɗauko littafin insha'in ƙanenka ka duba wannan, ina kyautata zaton a nan za ka sami aikin yi.

Alaramma_TudunWada:
Allah ya saka wa Malama Ummu_Safiyya da alheri, abin da ta faɗa sananne ne a wurinmu masu karantar da nahawun Larabci, sai dai mu ta ɗaya gefen muke ganinsa. A Larabci allazi da allati da allazina su ne ismul mausuli, wato takwarorin who da which, jumlar da ke biye musu ita ce sila, kuma ƙa'ida ce a sami lamiri a cikin silar da zai koma wa mausulin, shi ake kira a'id. Kowa yana karanta shi a Fatiha kullum: "siraɗal lazina an'amta alaihim." Wannan him na Larabci da ke ƙarshen alaihim shi ne a'id, kuma idan muka fassara da Hausa muna riƙe shi, mu ce waɗanda Ka yi ni'ima a gare su. Mai fassarawa da Turanci kuwa zai ce "those upon whom You have bestowed favour," ba zai ƙara them a ƙarshe ba. To yaron da ya tashi da Hausa a gida, ya je Islamiyya ya tarar da Larabci yana ƙarfafa masa wannan ɗabi'a, ba abin mamaki ba ne idan ya kai ta cikin Turanci. Akwai kuma wani abu da zai taimaka wa ɗaliban Islamiyya a kan abin da Ɗalibin_Nahawu ya ambata. Larabci yana da man ga mai hankali da ma ga marar hankali, kuma wannan rabo ya yi kusa ƙwarai da na who da which. Duk ɗalibin da na tuna masa wannan, nan take yake kama zaren.

'YarBarnawa:
Bayanan nan suna da daɗin karatu, amma ina da ja a kan mayar da su hanyar koyarwa. Ajin da nake koyarwa a kudancin gari akwai Bajju da Atyap da Gbagyi da Ibo da Yarbawa da Hausawa, da yawansu suna jin Hausa a matsayin harshen kasuwa da unguwa ne, wasu kuma Pidgin suka fi sakewa da shi. A Pidgin kalma ɗaya ce, wey, take ɗaukar aikin who da which da that da where gaba ɗaya, kuma su ma waɗannan yara suna rubuta "the man that I saw him" ɗin nan. Idan na tsaya bayanin wanda da wadda na bar rabin aji a baya. Bayan haka ina tsoron kada mu saba wa yaro da gina jumla da Hausa a zuciyarsa sannan ya juya ta, alhali wannan juyin ne ya haifar da kuskuren tun farko.

Game da which ga mutum kuwa, akwai abin da yakan rikita yaranmu masu zuwa coci. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta King James, ta shekarar 1611, addu'ar Ubangiji ta fara da "Our Father which art in heaven." Wani yaro ya taɓa kawo mini wannan hujja a aji, na ce masa a Turancin wancan zamani ana yin haka, na yanzu ya daina, shi ya sa a wurare da yawa za ka ji ana cewa "who art."

MalamarTuranci_Kawo:
'Yar'uwa 'YarBarnawa, ajinki daban, nawa daban, ba zan yi miki musu a kan naki ba. Amma juyin da kike tsoro yana faruwa ko mun so ko mun ƙi, gara yaro ya san inda yake zamewa. Ga yadda nake yi, kuma ba ya buƙatar Hausa ko kaɗan idan ba a so. Ina rubuta jumla biyu a allo, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa: "This is the tailor." "I paid him yesterday." Sai in kira yarinya in ba ta alli, in ce ta zagaye kalmar da ke jumla ta biyu wadda ke nufin telan. Ta zagaye him. Sai in ce ta goge ta da hannunta, ta rubuta whom ko that a farkon jumlar, ta ja kibiya daga gurbin da ta goge zuwa sabuwar kalmar. Gurbin yana nan fari fat da shatin yatsunta, duk aji suna kallo. Nakan ce musu kujera ɗaya ce a motar, that ta riga ta zauna, idan him ya zo sai kwandasta ya sauke shi. Bayan wannan, idan na ga kuskuren a littafin yarinya, kibiya kawai nake ja mata a gefen shafi, ita take gano sauran.

Inda abin ya fi wuya shi ne jumlolin da Hausa ba ta yarda a bar gurbin fanko ba. Muna iya cewa "telan da na biya" mu yi shiru, amma ba ma iya cewa "wuƙar da na yanka nama da" mu tsaya, dole mu ce da ita. Bature kuwa yana tsayawa a nan ba tare da jin komai ba: "the knife I cut the meat with." Kunnen Bahaushe yana jin jumlar kamar ba a gama ta ba, sai hannu ya ƙara it. Wannan sai da yawan karatu da maimaici yake gyaruwa.

Akawun_Lauya:
Ina so in koma kan waƙafin da aka ambata a sama, domin a wurin aikinmu ba ado ba ne. A ɗauki sanarwa irin wadda ake liƙawa a ma'aikata: "The workers who came late will not be paid." Ma'anarta waɗanda suka makara ne kaɗai za a hana albashi. Idan mai buga takardar ya sa waƙafi biyu ta koma "The workers, who came late, will not be paid," to an ce dukan ma'aikatan sun makara kuma dukansu ba za a biya su ba. Haka abin yake a wasiyya da yarjejeniyar haya da takardar sayen fili. Maigidana ba ya sa hannu a takarda sai ya bi kowane who da which da bakin biro ya tabbatar ko akwai waƙafi a gabansu ko babu. Kuma a irin wannan rubutu ne na ga amfanin shawarar da Baba TsohonEdita ya ambata, domin idan ka sa that babu mai iya cewa ƙarin bayani kake yi, ko da waƙafi ya ɓata wajen kwafi.

Ɗan_Rigasa:
Na gode ƙwarai, ina biye da ku. Malama ta sa whom a misalin tela, alhali a bayaninta na farko ta rubuta "the driver who we hired." Shin duka biyun daidai ne, ko akwai wanda ya fi dacewa da jarrabawa?

TsohonEdita:
Ɗana, ka lura da kyau. A ƙa'idar rubutu, who ta aikau ce, whom ta karɓau, kamar yadda he da him suke. Ka raba jumlar ka gani: idan he ko they ne zai zauna a gurbin, who ce, idan him ko them ne, whom ce. "We hired him," saboda haka "the driver whom we hired." A maganar yau da kullum Turawa da kansu sun fi cewa who ko su cire kalmar, shi ya sa misalin Malama bai zama kuskure ba, amma a takardar jarrabawa da wasiƙar neman aiki whom ta fi tsira. Akwai kuma wuri ɗaya da babu zaɓi, wato bayan ƙananan kalmomi irin su to da with da for da from. Ana cewa "the officer to whom I spoke," ba a cewa to who, ba a kuma cewa to that. Wanda ya ga wannan ya yi masa nauyi ya mayar da to ƙarshe ya ce "the officer I spoke to."

Kuskuren da ya fi ba ni haushi ba na yara ba ne, na manya ne masu son burgewa. Za ka ga an rubuta "the man whom we believe stole the money," an ɗauka whom ta fi nuna ilimi. Ka cire we believe ka gani, abin da ya rage shi ne "he stole the money," ke nan who ce daidai. Na sha goge wannan m ɗin a rubutun mutanen da suka fi ni takardu.

Matashin_Malali:
Baba, da girmamawa, ni ina ganin whom ta kusa zama tarihi. Ina aiki da kamfanonin waje ta intanet, ina musayar saƙo da Turawa kullum, da wuya in ga wani ya rubuta ta in ba a buɗe wasiƙa da "To whom it may concern" ba. Ina ganin ɓata lokacin yara ne a tsaya a kanta alhali ba su iya haɗa jumla mai sauƙi ba.

Ummu_Safiyya:
Ƙanena Matashin_Malali, Turawan da kake wa aiki ba su ne za su duba takardar yaron ba. Muddin tambayoyin cike gurbi na WAEC da NECO da JAMB suna jera who da whom da whose da which a matsayin zaɓi, dole mu koyar da ita. Tun da an ambaci whose, ita ma a dube ta, domin a nan ne ɗabi'ar da Alaramma ya yi bayani ta fi ƙarfi. Muna cewa "yaron da aka sace kekensa," mallakar tana manne a jikin keken, sai yaro ya rubuta "the boy that his bicycle was stolen." Daidai shi ne "the boy whose bicycle was stolen," whose ta haɗiye that da his gaba ɗaya, kuma ba a taɓa cire ta. Mutane da yawa ba su san tana shiga wa abin da ba mutum ba, alhali "a house whose roof leaks" Turanci ne ingantacce, ya ma fi "a house the roof of which leaks" sauƙin faɗi. Sai kuma a ja kunnen yara kada su rubuta who's a madadinta, wannan gajarta who is ce ko who has.

MaiDubaTakardu_Kakuri:
Tun da jarrabawa ce a gaban yaron, bari in faɗi inda wannan darasi yake fitowa ƙarara. A ɓangaren fahimtar nassi na takardar Turanci, akan ciro wani yanki daga cikin nassin a tambayi sunansa na nahawu, sannan a tambayi aikinsa. Idan yankin irin wanda muke magana a kai ne, amsar farko ita ce adjectival clause ko relative clause, ta biyu kuma sai ya ce yana siffanta suna kaza, ya ambaci sunan da kansa. Yara da yawa suna rubuta "it qualifies the noun" su tsaya, ba su faɗi wane suna ba, amsar ta tashi a banza.

Tarkon da ke wurin shi ne ba kowace that ce wakilin suna ba. A kwatanta "the news that he brought" da "the news that he had resigned." Ta farko tana fayyace wane labari, ta biyu tana faɗin abin da labarin ya ƙunsa, ita ganga ce mai aikin suna. Gwajin shi ne a sa which a wurin that, idan jumlar ta zauna to mai siffantawa ce, idan ta ƙi to ba ita ba ce. A nan ina tare da Ɗalibin_Nahawu, domin Bahaushe ba ya haɗa su, ta farko labarin da ya kawo ce, ta biyu labarin cewa ya yi murabus. Kuma ku lura, yaron da aka hana shi sanin cewa which tana shiga ganga mai fayyacewa an ƙwace masa wannan gwaji.

Gimbiyar_UnguwarRimi:
Ba a taɓo what ba, kuma ita ce nake ji a bakin manya har a rediyo: "All what he said is true." What tana ɗauke da sunanta a cikinta, ma'anarta abin da, saboda haka ba ta bin wani suna ko all. Ko dai a ce "What he said is true," ko "All that he said is true." Bayan all da everything da nothing da only, da kuma siffofi irin su best da first, that ce aka fi amfani da ita, which takan yi banbaraƙwai. Haka nan where ba ta shiga don kawai an ambaci wuri. "The station where we boarded the train" daidai ne, domin a can aka yi hawan. Amma "the station where they built at Rigasa" kuskure ne, domin tashar ce aka gina, ita ce karɓau, which ko that take buƙata.

MalaminLesin_Mando:
Ba ni ne malamin ƙanen Malam Ɗan_Rigasa ba, amma sana'armu ɗaya, kuma ni ma haka nake koyarwa, zan faɗi dalilina. Yaran da ake kawo mana saura 'yan watanni su shiga jarrabawa, ba su da lokacin jin tarihin Fowler da Roosevelt. Idan na ce musu that babu waƙafi, which da waƙafi, na ba su doka guda da ba za ta taɓa jefa su cikin kuskure ba, kuma ta tilasta musu tunanin waƙafin da Akawun_Lauya ya nuna muhimmancinsa. Idan na ce musu duka biyun daidai ne a nan amma ɗaya ce daidai a can, rabinsu za su fita da ruɗani. Malamin da ke da shekara uku tare da yaro yana iya bin dogon zango, mu ba mu da wannan damar.

MalamarTuranci_Kawo:
Malam, uzurinka karɓaɓɓe ne idan shawara ka ba su a kan abin da za su rubuta da hannunsu. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka ja jan biro a kan jumlar da ba ta da aibi. Yaron zai buɗe nassin jarrabawa ya tarar da which babu waƙafi, domin marubutan da ake ciro nassosinsu suna yin haka, sai ya fara shakkar idonsa. Zai kuma iya samun tambayar cike gurbi da babu that a cikin zaɓin, which ce amsar, ya tsallake ta saboda dokarka. Dokar ma ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin a "the box in which she keeps her certificates" babu waƙafi kuma babu yadda za a sa that.

MalaminLesin_Mando:
Wannan na ƙarshe nakan koyar da shi daban, a darasin in which da to whom, kuma ban ga ya rikita kowa ba. Jan biron kuwa na yarda ya yi tsauri, ni nakan rubuta that a saman kalmar ne ba tare da na rage maki ba. Amma dokar ba zan daina ba da ita ba.

Baban_Khalifa:
Ina da tambaya a kan abin da ya shafi aikina. Idan ana maganar kwamiti ko kamfani ko hukuma, mutane ne a ciki amma ita kanta ba mutum ba ce. Who za a sa ko which?

TsohonEdita:
Ya danganta da yadda ka ɗauke ta a jumlar, kuma aikatau ne zai tona ka. Idan ka ɗauki kwamitin a matsayin abu guda, ka sa which ko that da aikatau na tilo: "the committee that meets on Mondays." Turancin Ingila ya yarda ka ɗauke shi a matsayin mutanen da ke ciki, ka ce "the committee who are still arguing among themselves," da aikatau na jam'i. Abin da ba a so shi ne gauraya, a fara da which a bi ta da are, ko a fara da who a bi ta da is. A takardar ofis ni that nake zaɓa, in bi ta da tilo har ƙarshen sakin layi, in kuma tabbatar ban koma ina kiran kwamitin they a jumla ta gaba ba.